Tutar ƙasa da 'yancin faɗin albarkacin baki

Assalamu alaikum. Malamaina, iyaye da 'yan uwa ɗalibai, barkanku da zuwa. Da tambaya zan fara. Idan mutum biyu suka ƙona tutar ƙasa ɗaya a rana ɗaya, me zai sa a yaba wa ɗaya a kuma ɗaure ɗayan?

Kada ku ce ba ya faruwa. A Amurka, ƙa'idar kula da tuta ta ce idan tuta ta tsufa ta yayyage, a kawar da ita cikin mutunci, kuma an fi so a ƙona ta. Tsofaffin sojoji kan jeru, su ninke ta, su sara mata, sannan a sa ta a wuta. To, a shekarar 1984, lokacin da jam'iyyar Republican take babban taronta a birnin Dallas na jihar Texas, wani mai zanga-zanga, Gregory Lee Johnson, ya zuba wa tuta kananzir ya cinna mata wuta don nuna adawa da manufofin Shugaba Reagan. Ba wanda ya ji ciwo. Amma abin ya sosa ran mutane, har wani daga cikin waɗanda suka gani ya tattara ragowar ƙyallen ya je ya binne a bayan gidansa. Kotu ta yanke wa Johnson ɗaurin shekara ɗaya da tarar dala 2,000.

Kun ga, ba wutar aka hukunta ba. Abin da yake nufi da wutar aka hukunta. Nan ne gizo ke saƙar.

Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli. Jihar Texas ta kawo hujja biyu: tana kare zaman lafiya, tana kuma kare tuta a matsayin alamar haɗin kan ƙasa. A 1989 alƙalai 5 suka goyi bayan Johnson, 4 suka ƙi. Mai shari'a Brennan, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce ba a yi wata tarzoma a ranar ba, kuma gwamnati ba ta da ikon hana bayyana ra'ayi don kawai jama'a suna ƙyamarsa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Antonin Scalia, ɗan ra'ayin riƙau na bugawa a jarida, yana cikin biyar ɗin. Daga baya ya sha faɗa cewa da son ransa ne, da masu ƙona tuta sun kwana a gidan yari, amma tsarin mulki ya ɗaure masa hannu. Alƙalin da zai yanke hukuncin da ransa bai so ba, ai ba kullum ake samunsa ba.

A lokacin jihohi 48 cikin 50 suna da irin wannan doka. Majalisar dokokin tarayya ta fusata, ta kafa dokar kare tuta a 1989, ita ma kotu ta rushe ta a 1990. Aka koma neman gyara tsarin mulki, a 2006 ƙuri'a ɗaya tak ta hana a majalisar dattawa: an samu 66, ana buƙatar 67.

Akwai wani ɓangaren da ake mantawa, wato 'yancin yin shiru. A 1940 wannan kotu ta amince a tilasta wa yara 'yan makaranta sara wa tuta. Yaran Shaidun Jehovah suka ƙi saboda aƙidarsu, aka riƙa korar su daga makaranta, 'yan ɗarikarsu suka sha duka a garuruwa da dama. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, kotun ta janye hukuncinta. Ni a ganina wannan shari'ar ta fi ta Johnson nauyi, domin yaron da ka tilasta masa ya ɗaga hannu tsoronka ka koya masa, kishin ƙasa kuwa yana nan inda ka bar shi.

Sai dai kada mu ɗauka duk duniya haka take. A Jamus wulaƙanta tutar ƙasa a bainar jama'a na iya jawo ɗaurin shekara 3. Indiya ma haka, bisa dokarta ta 1971. Faransa tun 2003 tana cin tarar yuro 7,500 idan aka yi hakan a taron da hukuma ta shirya. Duk waɗannan ƙasashe ne masu bin dimokuraɗiyya. Jamusawa kuma suna da dalili: sun ga yadda maƙiyan jamhuriyar Weimar, wato mulkin dimokuraɗiyyar da aka yi a Jamus kafin Hitler, suka yi ta zagin tutarta kafin su kifar da ita baki ɗaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban raina hujjarsu ba, ko da yake na fi karkata ga Brennan, saboda dokar da ta ce kada a wulaƙanta tuta, a ƙarshe mai mulki ne zai fassara mene ne wulaƙanci, kuma shi ne wanda ake yi wa zanga-zangar.

Denmark kuwa ta juya lamarin. A can, ƙona tutar wata ƙasa laifi ne, domin yana taɓa hulɗar jakadanci, amma dokar ba ta hana ɗan ƙasa ƙona tasa ba.