Farautar Zaki Don Kwalliyar Bango: Laccar da Aka Gabatar a Jos

Shugaban taro, malamaina, iyayenmu mafarauta da na hango a layin gaba, ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum.

Mutanen Jos ba su manta da watan Disamba na 2015 ba, lokacin da zaki ya kuɓuce daga gidan namun daji na garin nan, hankalin jama'a ya tashi, har aka harbe shi. Watanni biyar kafin nan an kashe wani zakin mai suna Sesil a bakin gandun dajin Hwange na ƙasar Zimbabwe. Likitan haƙori ne daga Amurka ya biya kusan dala dubu 50, ya harbe shi da kibiya, zakin ya shafe sa'o'i yana jan jiki da rauni kafin a ƙarasa shi, alhali a wuyansa akwai na'urar bin sawu da masu bincike na Jami'ar Oxford suka ɗaura masa. Namu na Jos tsoro ne ya sa aka kashe shi. Sesil kuwa kansa da fatarsa ake so a rataye a falo, kuma irin wannan farautar ce za mu tattauna a yau.

Ba zan ɓoye muku matsayina ba: raina bai yarda a kashe manyan dawa don fahari ba. Maharbinmu na gargajiya yana shiga daji ne don nama, ko don ya raba gari da kurar da ta addabi garke, kuma hadisi ya hana a mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Bayan haka, mai biyan kuɗin nan ƙaton namiji mai cikar geza yake nema, wato uban garke. Idan ya faɗi, wani namijin yakan karɓe matan, ya kashe 'ya'yan da ya tarar domin iyayen su sake ɗaukar ciki da wuri, sai ka ga harsashi guda ya ci rai huɗu ko biyar. Wannan ne ya sa Tanzaniya ta kafa ƙa'idar kada a harbi zakin da bai kai shekara shida ba, sai dai gane shekarun zaki daga nesa, ta launin hanci da girman geza, aiki ne da ko gwani yake kuskure. A Afirka ta Kudu ma har kiwon zakuna ake yi a cikin shinge domin a sako su gaban mai bindiga, abin da ban ga dalilin kiransa farauta ba.

Duk da haka, adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu tana da nauyi. Yawancin dazukan da aka keɓe wa farauta suna da nisa, ga ƙudan tsando, masu yawon buɗe ido da kyamara ba sa zuwa. Kuɗin mafarautan ne ke biyan masu gadin daji, shi ne kuma ke hana a mayar da wurin gona. Kenya ta haramta farautar tun 1977, amma namun dajinta ba su daina raguwa ba. Botswana ta hana a 2014, ta janye hanin a 2019 bayan koken ƙauyawa kan ɓarnar giwaye. A Namibiya dokar 1996 ta bai wa al'ummomin karkara ikon cin moriyar namun dajin yankinsu, kuma dabbobin sun ƙaru a wurare da dama. Inda hujjar take rauni shi ne rabon kuɗin, domin a ƙasashe da yawa yakan maƙale tsakanin kamfani da jami'ai, ɗan abin da ya isa ƙauye bai taka kara ya karya ba.

Yanzu mu dawo gida. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma kusan 400 ne kacal, mafi yawansu a dazukan da suka haɗa Benin da Burkina Faso da Nijar. Namu na Najeriya ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Ba attajirin Amurka ne ya cinye su ba. Gonaki ne suka ci dajin, tarkon waya ya ƙarar da gwanki da ɓauna da zaki ke ci, yunwa ta tura shi kan shanu, makiyayi kuma ya barbaɗa guba a kan mushen.

Na taɓa zama a wata ruga da ke gefen Yankari, wani dattijo ya nuna mini ƙahon saniyarsa da igiyar ɗaurinta, ya ce ita ce mai ba 'ya'yansa nono. Ya ce da ni, "Malam, ku da kuke son zaki ya rayu, wa zai biya ni?" Ban iya ba shi amsa ba a ranar. Shi ya sa nake roƙon ɗalibanmu da ke son yin bincike a wannan fanni su fara da ƙididdigar shanun da ake rasawa a rugagen da ke kewaye da Yankari, da nawa za a kashe a biya diyyarsu a shekara, da kuma aljihun da kuɗin zai fito.