"To" ko "-ing": wanne ya dace da jimlar Turanci?

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi jimlar da ke kan allo: "I look forward to hear from you." Da ita mutane da yawa ke rufe takardar neman aiki, alhali akwai kuskure a cikinta. "Hearing" ya kamata a rubuta. Za mu zo ga dalili, amma mu fara daga tushe.

Idan aikatau biyu, wato kalmomin aiki (verbs), suka biyo juna a Turanci, na biyun yakan zo ko dai da "to" kafinsa, kamar "to read", wanda ake kira infinitive, ko da "-ing" a ƙarshensa, kamar "reading", wato gerund. A Hausa ma muna da makamancin haka: "ina so in karanta" da "ina son karatu". Gerund aiki ne da ya koma suna, kamar "karatu". Sai dai a Turanci ba ku ke da zaɓi ba, aikatau na farko ne ke yanke hukunci.

Akwai waɗanda "-ing" kawai suke karɓa: enjoy, avoid, finish, mind, deny, suggest. "He denied taking the money." Akwai kuma masu "to": want, decide, hope, refuse, promise, agree. "She refused to sign." Lura ɗaya tana taimakawa: masu "to" galibi suna nuni ga abin da ba a riga an yi ba, wato buri ko niyya ko alkawari. Amma kada ku dogara da wannan ɗari bisa ɗari, domin "suggest" ma kan abin da ba a yi ba yake magana, kuma "-ing" yake bi. "He suggested me to go" kuskure ne. Ku ce "He suggested going", ko "He suggested that I go". Irin waɗannan sai hadda, kuma a haddace su cikin jimla, ba su kaɗai ba.

Ga dokar da ta fi kowace ƙarfi. Duk aikatau da ya biyo bayan ƙananan kalmomin nan, in, on, at, of, for, without, da "-ing" yake zuwa. "Good at cooking." "He left without paying." To, a nan ne rikicin yake, saboda "to" fuska biyu gare ta. Wani lokaci alamar infinitive ce, wani lokaci kuma 'yar'uwar su "in" da "on" ce. Ta yaya za a bambance? Ku cire aikatau ɗin, ku sa "it" a gurbinsa. "I look forward to it" ta zauna daram, don haka "hearing". "I want to it" kuwa ba magana ba ce, don haka "I want to hear". Wannan gwajin ne kuma ke raba "I used to drive", wato da can ina tuƙi amma na bari, da "I am used to driving", wato na saba da tuƙi. Masu shirya tambayoyin WAEC, NECO da JAMB suna son wannan wurin.

Begin, start da continue ba su da matsala, kowanne kuka sa ma'ana ɗaya ce.

Inda ake bukatar natsuwa shi ne aikatau masu karɓar duka biyun amma ma'ana ta sauya. "The driver stopped eating": direba ya daina cin abinci. "The driver stopped to eat": ya tsayar da mota ne domin ya ci abinci, fasinjoji na zaune suna jira. Haka "remember". "Remember to lock the shop" umarni ne, ba a kulle shagon ba tukuna. "I remember locking the shop" kuwa an riga an kulle, tunawa ake yi. Shi kuma "regret", idan wasiƙar ofis ta fara da "We regret to inform you", labari mara daɗi na tafe. "I regret selling the farm" nadama ce kan gonar da aka riga aka sayar.

Saura "make" da "let". Waɗannan ba "to", ba "-ing": "The teacher made us wait." Kada ku ce "made us to wait". Amma idan aka juya jimlar, wanda aka sa ya jira ya dawo farko, sai "to" ta dawo: "We were made to wait."

Yanzu ku dakatar da bidiyon ku cike wannan gurbin da "pay": "They objected to ... the fine." Ku gwada sa "it" kafin ku amsa.