Renon ɗan giwa maraya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyaye da ɗalibai, barkanku da zuwa. Yau Kenya zan kai ku, gefen birnin Nairobi, inda ake renon 'ya'yan giwa da suka rasa iyaye.

Giwa takan yi wata 22 da ciki, ta haifi ɗa mai nauyin kilo 100 ko kusa da haka. Duk girman nan jariri ne, a shekara biyun farko in babu nono babu rai. To idan masu neman haure suka harbe uwar, ko fari ya kashe ta, ko ɗan ya rufta rijiya har garke ya gaji da jira ya wuce, ina zai sa kansa?

Wata mata, Daphne Sheldrick, ta kwashe shekara 28 tana fama da wannan tambaya. Mijinta David shi ne shugaban farko na gandun dajin Tsavo ta Gabas, shi ya sa ake kawo mata marayun dabbobi har gida. Madarar shanu aka fara ba su, yadda kowannenmu zai yi, sai gudawa ta kama su su mutu, domin cikin ɗan giwa ba ya iya narkar da maiƙonta. Ta yi ta canza haɗi har ta dace da madarar jarirai da man kwakwa.

Ku saurari nan da kyau, don shi ne ya kawo ni. A 1974 an kawo mata wata jaririyar giwa, ta sa mata suna Aisha. Haɗin man kwakwar ya karɓe ta, ta yi wata shida tana ƙiba, tana bin Daphne duk inda ta sa ƙafa. Sai bikin 'yar Daphne ya taso, ta yi tafiya ta bar ta a hannun mai kula. Ga madara a kwalba, amma Aisha ta ƙi sha, ta yi ta ramewa har ta mutu. Baƙin ciki ne ya kashe ta, jama'a. Wallahi duk lokacin da na ba da labarin nan sai jikina ya yi sanyi.

Daga wannan rashi tsarin renon ya samo asali. Bayan rasuwar David a 1977 Daphne ta kafa gidauniya da sunansa, kuma har yau masu reno a ɗaki ɗaya suke kwana da marayun, amma ana canza su kullum don kada ɗan giwa ya shaƙu da mutum ɗaya. Duk bayan awa uku sai an ba shi madara, dare da rana. Da sanyin safiya a ɗaura masa bargo saboda ciwon huhu yana saurin kayar da su. Rana ta take a shafa masa mai a kunne a riƙa masa lema, tunda da uwarsa na raye a inuwar cikinta zai fake. Wani ma ba ya karɓar kwalba sai an rataya bargo ya jingina hancinsa a jiki, kamar yana taɓa uwar.

Bari in ɗan ratse. Na taɓa ganin wani yaro riƙe da ɗan barewa yana ɗura masa madarar gari da cokali, wai a ciyawa ya tsince shi. Ɗana, ba tsintuwa ka yi ba, uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo. Kun san hadisin da sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, Manzon Allah (SAW) ya ce a mayar mata da su. Ba kowane ɗan dabba da ka gani shi kaɗai ba ne maraya.

Mu koma Kenya. Idan marayun giwayen suka yi ƙwari sai a kai su Tsavo, sansanin Voi ko Ithumba, su riƙa cuɗanya da giwayen daji. Ba a korar kowa. Yau ɗaya zai kwana a waje, gobe ya dawo, a hankali har ya daina zuwa, abin kan ɗauki shekaru. Daphne ta rasu a 2018, amma wasu daga cikin matan da aka rena, idan suka haihu a daji, sukan taso da jaririn har bakin sansani, su tsaya a gaban mutanen da suka ba su kwalba.

Wanda yake da tambaya ya ɗaga hannu.