Su Wa Ake Nufi Da "Ma'aikatan Ofis" A Asibitocin Ingila?

Ranar 13 ga Maris, 2025, Firayim Ministan Birtaniya Keir Starmer ya ce zai rushe NHS England. Kafin la'asar WhatsApp ya ɗauka: wai an rufe asibitocin gwamnati a Ingila. Masu 'yan'uwa nas-nas a Manchester suka hau kiran waya.

A kwantar da hankali. Asibitocin suna nan, NHS, wato tsarin kula da lafiya na gwamnati da aka kafa a 1948, yana nan. Abin da za a rushe hukuma ce mai kula da tsarin daga sama. Wata doka ta 2012 ce ta haife ta, a lokacin sanarwar tana da ma'aikata wajen 15,000, kuma aikinta zai koma ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Lord Darzi, likitan da gwamnati ta sa ya binciki halin da NHS ke ciki, a rahotonsa na 2024, bala'i ya kira waccan doka. To, wannan kenan.

Yanzu ga inda mutane ke tuntuɓe.

Da an nuna layin albashin ma'aikatan ofis a lissafin asibiti, sai kowa ya hango wani mai kwat da taye yana shan shayi a ɗakin taro. Akwai irinsa, ba na musu. Amma ku dubi wannan matar da ke bayan taga. Ita ma a layin nan take. Duk wanda ya taɓa yin sammako don yankan kati a asibitin garinsu ya san ta: idan ba ta zo ba, ko likita goma ne a ciki, a benci za ka wuni.

Ga wanda ke amsa waya yana ba da ranar ganin likita. Ga sakatariyar da ke buga wasiƙar sakamakon gwaji. Wancan da ke kallon kwamfuta kamar mai gyangyaɗi, rubutun likita yake mayarwa lambobi, kuma da lambobin ne ake lissafa aikin da asibiti ya yi a biya shi. Wanda ya taɓa ganin rubutun likita ya san wannan bawan Allah da guminsa yake ci.

Tun 2004 ake biyan su da tsari ɗaya da nas-nas, mai matakai har 9. Yawancin akawunan nan tsakanin mataki na 2 da na 4 suke. Na mataki na 2 kuwa, da kaɗan albashinsa ya ɗara mafi ƙarancin albashin ƙasar.

Saboda haka idan ɗan siyasa ya ce zai rage kuɗin ofis ya kai wa marasa lafiya, tambaya ɗaya ce: wane ofis? Na hedkwata, inda mutum biyu ke rubuta rahoto iri ɗaya, ko na bakin ɗakin kwanciya? Ni dai na farkon ban damu ba. Na biyun ne matsala, domin takarda ba ta bin akawu idan an sallame shi. A kan tebur take zama, sai wani ya ɗauka.

A 2025, sunaye sama da miliyan 7 ne a jerin jiran magani a Ingila, kowanne sai an kira shi, an rubuta masa wasiƙa, an sauya masa rana idan ta ƙi. Ku kalli nas ɗin nan. Minti nawa ke nan tana riƙe da waya tana neman fayil? Mara lafiyan gado na huɗu yana can yana danna ƙararrawa.