"Inglesa": Kamfanin Ingila Da Ya Tare Ƙofar Gahawar Barazil

Akwai wani tsauni da ya kamata ku sani. Sunansa Serra do Mar, a jihar São Paulo ta Barazil. Can ƙasa tashar jiragen ruwa ta Santos ce, a sama kuma gonakin gahawa. Tsakaninsu akwai hawa na kusan mita 800, wanda a da alfadarai ke fama da shi da buhuna a baya.

Wani attajirin ƙasar, Barão de Mauá, shi ya dage sai an shimfiɗa layin dogo a nan, amma kuɗin daga Landan suka fito, kamfanin kuma ya zama na Turawan Ingila: São Paulo Railway. Mutanen gari "Inglesa" kawai suke ce masa, wato ta Ingila. An buɗe layin a 1867, kilomita 139 daga Santos zuwa Jundiaí.

To, ta yaya jirgin ƙasa zai hau wannan gangare? Ai jawo shi aka riƙa yi. Injiniya Daniel Fox ya raba hawan gida huɗu, aka girke babban injin tururi a saman kowanne, yana jan taragu da igiyar ƙarfe, kamar mai jawo guga daga rijiya.

Wayon kamfanin a Jundiaí ya bayyana. Da layin ya kai can, sai suka ja birki, suka ƙi ƙarawa gaba, alhali gonakin suna can ciki. Dole manoman gahawa suka haɗa kuɗinsu suka kafa Companhia Paulista, wanda layinsa ya isa Campinas a 1872. Wasu kamfanonin suka biyo baya. Amma duk buhun da suka kwaso daga lungu, sai ya bi ta layin Turawa kafin ya ga teku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka aka tafi shekara 70, har 1937, lokacin da kamfanin Sorocabana ya buɗe tasa hanyar zuwa Santos.

Ga wani abin da masoya ƙwallo za su so. Charles Miller, ɗan wani ma'aikacin kamfanin ɗan Sukotlan, ya dawo daga karatu a Ingila a 1894 da ƙwallo cikin kayansa. A 1895 ma'aikatan layin dogon suka kara da na kamfanin gas, wasan da ake lissafawa cikin na farko-farko a Barazil.

A 1946 gwamnati ta karɓe layin, ta sauya masa suna zuwa Santos-Jundiaí. A 1974 aka kawo dogo mai haƙora, wanda jirgi ke kamawa yana hawa, a mazaunin tsohon hawan igiya, kuma har yau jiragen dakon kaya na bi ta nan. A ƙauyen Paranapiacaba da ke saman tsaunin, gidajen katako da aka gina wa ma'aikata suna nan, haka ma hasumiyar agogon tashar.