Ni na biya fam ɗari uku, ku kuma kyauta ake ba ku

Assalamu alaikum mutanen Katsina ta Dikko ɗakin kara, mutanen Daura, ina gaishe ku. Ku yi haƙuri da ƙugin iskar nan. A mota nake zaune bakin wata gona nan Kambiriya, can arewacin Ingila, lokacin haihuwar tumaki ne, sanyi kuma bai san an shiga watan Maris ba. Yau ba yawon nuna gari za mu yi ba. Raina ne a ɓace tun da asuba, na ce gara in amayar da abin kowa ya ji.

Wani ƙanena ne a wajen aiki, likitan dabbobi kamar ni, yana can yana fama da dabbobi tsakanin Daura da karar Mai'adua, ya turo mani saƙon murya. Bayan gaisuwa yake ce mani, Yaya Dokta ku dai kun huta, mu nan tun da muka baro jami'a a Samaru ko shafi guda ba mu ƙara ba, ina muka ga kuɗin kwas. Yaron nan ba malalaci ba ne. Cikin ranar bazara yake hawa babur ya shiga ruga, wani lokacin ladar aikin ƙwaryar nono ce. Shi ya sa maganar ta tsaya mani a wuya. Idan mai himma irinsa ya yarda cewa ƙofar ilimi ta rufe ranar da aka rantsar da shi, to ina ga sauran?

Bari in faɗa maku yadda ake yi da mu a nan. Hukumar RCVS, wadda ke riƙe da rajistar likitocin dabbobi a Birtaniya, ta wajabta wa kowane likita awa 35 na ƙarin ilimi duk shekara. Masu jinyar dabbobi awa 15. Akwai manhaja a waya, 1CPD, nan kake shigar da komai. Kuma ba wai ka rubuta na halarta ka rufe ba, sai ka faɗi abin da ka koya da abin da zai canza a aikinka. Suna bibiya. Tsoho mai furfura da ya shekara arba'in yana saka hannu cikin saniya, shi ma haka yake cikewa, ba ya jin an raina shi. Gwajin tarin fuka na shanu da nake yi wa gwamnati, sai da na yi darasi ta intanet na ci jarrabawa kafin a bar ni, kuma bayan 'yan shekaru sai an sabunta.

Kuɗi kuwa, kada ku tambaya. Kwas na yini guda da na je kwanan baya, fam ɗari uku da 'yan kai, ban da man mota. Ku buga da canjin yau. Sabunta rajista wajen fam ɗari huɗu ce a shekara. Me aka koya mana a wannan yinin? Gurguncewar shanun madara masu tsayuwa kan siminti, da yadda ake fere kofato. Ya yi mani amfani a nan, ban musa ba. Amma in na kai shi Batsari ko Sandamu, gaban bunajin da ke taka ƙasa kilomita da yawa kullum, wa zai saya?

To ga abin da ke ƙona mani rai. Ilimin da ya dace da dabbobinmu, na ɓoru, wato ciwon baki da kofato, da ciwon huhu da PPR, annobar awaki da tumaki, da sammore da haukan kare, shi ne wanda ake rabawa kyauta. Hukumar FAO, mai kula da abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da makaranta sukutum a intanet, ka yi rajista da imel ɗinka, ba ko sisi, kuma da yawa daga darussan in ka ci gwajin ƙarshe za su ba ka shaida. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, wadda muka sani da OIE a makaranta kafin ta koma WOAH a 2022, ita ma tana da nata dandalin horo, ga kundinta na yadda ake gano kowace cuta a buɗe. Littafin MSD Veterinary Manual da muke layi a kansa a laburare, yanzu yana nan kyauta, har da manhajar waya. Wallahi ni da nake nan, da shugaban asibitinmu Bature, shi muke buɗewa in abu ya shige mana duhu.

Ɗauki ɓoru. Nan inda nake zaune, a 2001 cutar ta yi ɓarnar da har yau in ka ambace ta gaban tsofaffin manoma sai fuskarsu ta canza. Dabbobi fiye da miliyan shida aka karkashe a faɗin ƙasar, kuma Kambiriya ce ta fi ko'ina jin jiki. Mu kuwa kusan duk shekara tana zagayowa, a ce ai za ta wuce, saniya ta rame, nono ya ƙafe, maruƙa su mutu, ba wanda ya rubuta ko'ina. Hukumar EuFMD, wadda ke ƙarƙashin FAO, tana shirya darasin binciken ɓoru ta intanet. A ciki ake koya maka ka dubi gyambon harshe ka ƙiyasta kwanansa nawa, daga nan ka gane yaushe cutar ta shigo garken, ka bi sawu ka gano ko daga kara aka kwaso ta ko a mashaya. Ana koya maka wane samfuri za ka ɗauka, cikin wane ruwa za ka saka shi, yadda zai isa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom bai lalace ba. Likitan da ke tsaye a Mai'adua ko Jibiya, inda shanun Nijar ke shigowa, ya fi ni buƙatar wannan nesa ba kusa ba.

Kuma ku daina ganin kamar mu 'yan kallo ne a wannan fage. Rigakafin PPR da ake yi wa awaki da tumaki a ƙasashe da dama, sunan ƙwayar da aka sarrafa shi daga gare ta Nigeria 75/1. Daga ƙasarmu aka samo ta a 1975. Ranar da wani malami ya ambaci sunan nan a wani taro ta Zoom, ni kaɗai a ɗaki sai da na gyara zama. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da PPR. Wanda ke ganin mafarki ne, ya je ya tambayi dattawan Fulani abin da cutar bushiya, annobar shanu, ta yi masu a 1983, garke guda ya kwanta cikin 'yan kwanaki. Yau babu cutar bushiya a doron ƙasa, an sanar da ƙarewarta a 2011. Malamanmu da malaman dabbobi na ƙauye suna cikin waɗanda suka yi wannan aiki, da akwatin ƙanƙara a bayan babur. Cibiyar Vom tun 1924 take. Muna da asali a aikin nan.

Bari in ba ku misali ɗaya na abin da za ka koya cikin dare guda ka fara aiki da shi gobe. Tsutsar ciki mai shan jini da ke kashe mana tumaki da awaki da damina. Abin da aka saba, ruwa na sauka a bi garke kaf a ɗura albendazol, bayan wata guda a sake. Abin da ke faruwa shi ne, tsutsotsin da maganin ke iya kashewa sun mutu, masu taurin sun rage, su ne za su hayayyafa su cika makiyaya. Shekara kaɗan sai ka ji mai dabba na cewa maganin jabu ne. Wani lokacin jabun ne, amma sau da yawa mu muka horar da tsutsar da hannunmu. A Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro wata dabara, FAMACHA, kati ne mai launi biyar daga ja zuwa fari. Ka janye fatar idon tunkiya ta ƙasa, ka gwada da katin cikin hasken rana. Mai ja jawur ka ƙyale ta. Wadda ta koma fari-fari ita ke da ƙarancin jini, ita za ka ba magani. Ka rage wa mai dabba kashe kuɗi, ka kuma bar tsutsotsi marasa tauri su gauraya da masu tauri, maganin ya daɗe yana ci. Bidiyon koyar da wannan suna nan birjik daga jami'o'i. Amma ina gargaɗinku, ƙarancin jini kawai katin ke nunawa. Ciwon hanta ma na sa ido ya yi fari, kuma mun san yadda yake a wuraren fadama da bakin dam. Kada ka ajiye tunaninka ka riƙe kati.

Wannan ya tuno mani da ragunan layya. Allah sarki, warhaka da ina gida da na leƙa kara na ga balami da uda an turke su suna cin dusa da harawa. Tumakin nan na Turawa gajeru ne, gashi ya rufe su ko'ina, wallahi ba su da kwarjinin balami ko kaɗan. Amma abu ɗaya na ke so mu ɗauka daga wurinsu. A nan ba ka isa ka shiga shago ka sayi allurar oksitetrasaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba sai da takardar likita, kuma duk dabbar da aka yi wa, manomi zai rubuta rana, ya ƙirga kwanakin da maganin zai fita daga jiki kafin a yanka ko a sayar da madara. Tun daga 2014 sun rage amfani da irin waɗannan magunguna a dabbobin abinci da fiye da rabi, kuma dabbobin ba su ƙare ba. Mu kuwa rago ya ɗan yi kasala ana saura kwana uku Sallah, a danna mashi allura, a yanka, yara su ci. Akwai darussa kyauta kan wannan matsala ta bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, a FAO da wasu wuraren. Ku yi su, ko don bakinku ya yi nauyi in kuna magana da mai kemis da mahauta.

Yanzu ku saurare ni da kyau, don intanet ɗin nan kasuwa ce, akwai na gari akwai 'yan damfara. Duk wanda ya turo maka talla a WhatsApp cewa ka biya dubu kaza a aiko maka da satifiket na ƙasar waje ba tare da ka zauna darasi ba, ka riƙe kuɗinka. Na ga irin takardun nan an kawo su nan neman aiki, ko kallo na biyu ba a yi masu. Bidiyon YouTube kuma ka duba wa ya yi shi, jami'a ce ko wani ne kawai da kyamara. Ko na jami'ar ne, ka tuna saniyar da yake magana a kanta ta kusa ninka taka nauyi, abincinta daban, cututtukan ƙasarsu daban. Manhajojin nan masu ba da amsa kamar mutum, kada ka kuskura ka ɗauki adadin magani daga bakinsu ka zuƙa a sirinji, sai ka duba littafi da jikin kwalba.

Sai kuma halin nan namu. Hukumar VCN, mai rajistar likitocin dabbobi a Najeriya, tana neman a halarci tarukan ƙarin ilimi kafin sabunta lasisi, kuma hakan daidai ne. Amma kowa ya san yadda wasunmu ke yi, a zo a sa hannu a rajista, a fita waje ana waya, a dawo lokacin rabon takarda. Wa aka cuta? Bafulatanin da ya ɗauko amanar dukiyarsa ya damƙa maka.

Na san za ku ce data, ku ce wuta, ku ce sabis. Ban manta ba. Na tuna 2021 da aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jiharmu saboda matsalar tsaro, har wasu kasuwannin dabbobi aka rufe, ko gaisuwa da gida sai da ta gagara. Wanda ke Safana ko Ɗanmusa ba zan haɗa shi da na cikin birni ba. Amma galibin abubuwan nan rubutu ne da hotuna, ba su cin data kamar kallon ƙwallo. In ka shigo gari ka sauke, ka karanta a hankali. Mutum biyar za su iya haɗuwa, kowa ya ɗauki darasi guda, ranar Juma'a bayan la'asar a zauna a asibitin dabbobi ya yi wa sauran bayani da Hausa. Malaman dabbobi da suka fito daga kwalejoji, ku ma da ku nake, ku ne ma kuka fi shiga daji. 'Yan'uwana mata likitoci da hidimar gida ta hana ku tafiya taro Abuja ko Jos, wannan hanya kamar don ku aka yi ta.

Mai son digiri na biyu kuma, Jami'ar Edinbura tana da shi ta intanet a fannonin lafiyar dabbobi, kana zaune a Daura kana aikinka. Da tsada ƙwarai, ba zan ɓoye maku ba. Sai dai akwai tallafin Commonwealth na masu karatu daga nesa, kuma 'yan Najeriya na cikin waɗanda ke iya nema, ku riƙa duba shafinsu da kanku don jerin kwasa-kwasan na canzawa. Jami'ar tana kuma da gajerun darussa a shafin Coursera, har da na halayyar kaji, ta kuma taɓa yin na ciyar da doki. Irin na dokin nan ina so masu kula da dawakin hawan Sallah su gani, don yadda ake cika wa doki ciki da gero ana gobe hawa, shi ke jawo ciwon cikin da ke kayar da su.

Wanda bai san ta inda zai fara ba, ya fara da na haukan kare. Ƙungiyar GARC mai yaƙi da haukan kare a duniya ce ke ba da shi, kyauta, gajere ne, ko malamin makaranta zai iya. Cutar nan tana kashe mutane wajen dubu 59 duk shekara a duniya, da yawansu yara, kuma har yanzu a unguwanninmu akwai wanda bai san cewa in kare ya ciji yaro, abu na farko shi ne a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 sannan a garzaya asibiti ba. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ita. Ku gama darasin kafin lokacin, ku nemi izinin hedimasta a firamaren unguwarku, ku shiga aji ku faɗa wa yara. Ku gaida mani mutanen Ƙofar Soro.