Jawabi a Taron Ƙungiya a Agege: Rariyar da Takardun Neman Aikin 'Ya'yanmu Ke Bi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata, da 'yan'uwa da kuka taso daga Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago kuka sha cunkoson hanya har kuka iso Agege, sannunku da zuwa.

Kwamitin ilimi da sana'a ne ya ɗora mana wannan bayani, saboda kuka ɗaya da iyaye ke ta kawowa. Yaro ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, ya tura takarda wuri 30 ko 40, ko "mun gani" ba a ce masa ba. Daga nan sai a ce ai sai da hanya, ko kuma don sunansa na Arewa ne. Hanya tana aiki, wariya ma akwai ta, ba mu musa ba. Amma da yawa daga cikin takardun nan babu ɗan Adam da ya taɓa buɗe su. Sun tsaya ne a hannun wata manhaja, kuma galibin abin da ya tsayar da su abu ne da ake gyarawa cikin awa ɗaya.

Ana kiran irin wannan manhaja ATS, wato manhajar da ke karɓa da tace takardun masu neman aiki. Bankuna, kamfanonin waya, na mai da manyan masana'antun Ikeja da Apapa irinta suke amfani da ita. Akwai na waje kamar Workday, Taleo da SAP SuccessFactors, akwai kuma SeamlessHR da aka kafa a nan Legas. Dalilin kawo ta a fili yake: guraben aiki kaɗan, masu nema dubbai. Mun tuna ranar 15 ga Maris 2014, da aka tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa, turmutsitsi ya ci rayukan aƙalla mutum 16. Yau layin ya koma cikin kwamfuta, amma tsawonsa bai ragu ba.

Tankaɗen farko tun kafin a duba CV, wato takardar tarihin karatu da aikin mai nema, ake yin sa, a tambayoyin da ke cikin fom. Ka gama bautar ƙasa? Shekarunka nawa? Wane matakin digiri ka fita da shi? BSc ne ko HND? Kana da kiredit 5 har da Turanci da Lissafi? A wane gari kake zaune? Ma'aikacin ɗaukar aiki ne ya saita amsar da yake so tun farko. Idan ya ce shekara 27 ce iyaka, ko ya ce sai mai digiri na matakin 2:1, duk wanda ya kauce wa haka manhaja za ta ajiye shi gefe nan take, wani lokaci ta aika masa saƙon haƙuri ba tare da kowa ya san sunansa ba. A nan muna so matasa su lura da batun adireshi. Yaro yana zaune a Agege shekara 5, amma ya rubuta adireshin gidansu na Funtuwa ko Gusau don shi ya saba rubutawa. Aikin na Legas ne, an tace an bar mazauna Legas, shi ke nan ya fita. Jihar asali daban, wurin zama daban. Kowanne da gurbinsa a fom.

Sai karatun CV, kuma a nan ne asarar ta fi yawa. Manhajar ba ta kallon takarda yadda ido ke kallo. Tana zare rubutun ne layi bayan layi, ta rarraba shi cikin akwatuna: suna, lambar waya, makaranta, wurin aiki, shekaru. Ku ɗauki CV ɗin nan da ake haɗa wa yara a kafe, mai launi shuɗi a gefe, hoton fasfo a sama, an raba shafin gida biyu, ga taurari 4 a gaban "Excel". A ido ya yi kyau. Amma idan manhaja ta bi layi daga hagu zuwa dama, tana iya haɗa rabin bayanin makaranta da rabin bayanin aiki su zama jimla ɗaya marar ma'ana. Taurarin zane ne, ba ta san me suke nufi ba. Lambar wayar da aka saka a can ƙoli, cikin gurbin kan shafi, wasu manhajojin tsallake ta suke yi. Mafi muni shi ne wanda ya buga CV a takarda, ya ɗauke ta hoto da waya, ya mayar da ita PDF. Wannan hoto ne kawai. Idan manhajar ba ta da fasahar karanta hoto, farar takarda ta gani.

Gwajin wannan ba ya cin ko kwabo. Buɗe CV ɗinka a kwamfuta, ka kwafe rubutun gaba ɗaya, ka zuba shi a Notepad, manhajar rubutu zalla da ke cikin kwamfuta. Abin da ya fito, kusan shi manhaja za ta gani. Idan babu abin da ya kwafu, hoto ne. Idan layuka sun cakuɗe, tsarin ne ya lalace. Gyaran shi ne shafi mai layi ɗaya daga sama har ƙasa, babu tebur, babu akwati, babu zane, a rubuta shi a Word a ajiye shi a irin fayil ɗin da tallar ta nema. Kanun sassa su zama waɗanda aka saba da su, wato Education, Work Experience, Skills. Kowane aiki a sa masa wata da shekarar farawa da na barinsa, a tsari iri ɗaya, domin da su manhaja ke lissafa shekarun ƙwarewa. Wanda ya bar kwanan wata, tana iya ƙirga masa sifili.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne suna. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ, wasu tsofaffin manhajoji kan mayar da su alamar tambaya, don haka a fom a rubuta suna daidai yadda yake a katin NIN. Sannan ga Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a digiri, Muhammadu a BVN. Ko kuma sunan gari ya zama sunan mahaifi a wata takardar. A wajenmu mutum ɗaya ne, a wajen kwamfuta mutum 3 ne. Wannan ya fi yin illa a shafukan ɗaukar aikin gwamnati, inda ake gwada bayanai da na NIN. A daidaita tun yau da takardar rantsuwa ta kotu, kada a bari sai an buɗe shafi saura kwana biyu a rufe.

Bayan an zuba kowa cikin rumbu, ma'aikaci ba ya bin mutum 3,000 ɗaya bayan ɗaya. Yana rubuta kalma ne ya nema, ko manhaja ta jera masa mutane gwargwadon yadda kalmominsu suka dace da na tallar. Na saman ake buɗewa. Saboda haka a karanta tallar da biro a hannu, a ja layi a ƙarƙashin ƙwarewa 5 ko 6 da suka maimaita, duk wadda kake da ita da gaske ka rubuta ta da kalmar da suka yi amfani da ita. Idan sun ce "inventory management", kada ka tsaya a "store keeping". CV ɗaya ba ya zuwa wuri 40. Kowace talla a taɓa shi.

Iyayenmu 'yan kasuwa, nan maganar ta zo kanku. Yaron da ya shekara 3 yana riƙe da littafin shagon babansa a Mile 12, yana karɓar lodi daga Kano, yana ƙirga kwandunan tumatir, yana biyan 'yan dako, yana bin bashi, sai ya bar shekarun nan fayau a CV don yana ganin ba aikin ofis ba ne. Manhaja kuwa giɓi take gani, kuma akwai kamfanonin da ke saita ta ta fitar da duk wanda ya wuce wata 6 babu aiki. Wannan aiki ne, a rubuta shi da sunan shago, da matsayi, da kwanan wata, da adadi na gaskiya: lodi nawa a mako, ma'aikata nawa a ƙarƙashinsa. Haka 'yar da ta koyar a Islamiyya ko ta riƙe shagon POS. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Akwai dabarar da ake yaɗawa, a cusa kalmomin talla da farin rubutu don ido kada ya gani. Kada ku yi. Idan manhaja ta zare rubutun, launin ba ya biyo shi, komai zai bayyana a gaban ma'aikaci, kuma daga nan amana ta tafi. ChatGPT ma a yi amfani da shi a gyara Turanci, ba a ƙirƙiro aikin da ba a yi ba. Ranar ganawa za a tambaye ka.

Ba muna cewa manhajar mai adalci ce ba. Kamfanin Amazon ya fara gina tasa a 2014, ya koyar da ita da takardun da ya tara cikin shekara 10, mafi yawansu na maza. Sai ta koyi rage makin takardar da ke ɗauke da kalmar da ke nuna mace ce. A 2018 labari ya fito cewa sun yi watsi da ita. A 2023 kamfanin koyarwa ta intanet mai suna iTutorGroup ya amince ya biya dala 365,000 a Amurka, bayan an zarge shi da saita manhajarsa ta ƙi mata masu shekara 55 zuwa sama da maza masu 60 zuwa sama. Binciken da makarantar kasuwanci ta Harvard ta yi tare da kamfanin Accenture a 2021 ya nuna kashi 88 cikin 100 na masu ɗaukar aikin da aka tambaya sun yarda cewa tsarinsu na zubar da ƙwararru don kawai ba su dace da sharuɗɗan talla kalma da kalma ba. Su da bakinsu suka faɗa. A nan gida, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum haƙƙin ƙin yarda a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura kaɗai, tare da wasu keɓance-keɓance, kuma yana iya neman ɗan Adam ya sake dubawa. Hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, NDPC, ce ke karɓar ƙorafi. Kaɗan ne cikinmu suka san da wannan, ya kamata lauyoyin ƙungiya su zauna da matasa a kansa.

Wanda ya tsallake, sau da yawa jarrabawa ce ta intanet ke biyo baya, mai ƙayyadadden lokaci, wani lokaci kyamara a kunne. Fita daga shafin zuwa wani shafi ana iya ƙirga shi a matsayin satar amsa. A caja kwamfuta, a tanadi layi biyu na data, a nemi ɗaki nesa da ƙarar janareta. Gayyatar kuwa ta imel take zuwa, kuma takan ba da kwanaki kaɗan. A nan kafe ke cutar da mu: mai shago ya cika wa yaro fom da imel ɗinsa ko lambarsa, gayyata ta zo ta wuce yaro bai sani ba. Kowa ya buɗe imel da sunansa na gaskiya, ya riƙe kalmar sirrinsa, ya leƙa kullum har cikin akwatin spam. Kuma duk wanda ya ce a biya kuɗi kafin a saka sunanka, ɗan damfara ne. Galibin shafukan gwamnatin tarayya da gov.ng suke ƙarewa.

Ranka ya daɗe, roƙon kwamiti ga ƙungiya shi ne tebur ɗaya a ofis, kwamfuta biyu, da 'yan'uwanmu 4 masu aikin ofis da za su ba da awa 3 kowace Asabar. Wanda zai zo ya taho da CV ɗinsa a waya ko filash, da katin NIN, takardar WAEC ko NECO, ta digiri ko difloma, ta bautar ƙasa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da talla guda ɗaya da yake son nema. Iyaye mata, a turo 'yan mata su ma, za a ware musu lokacinsu da 'yar'uwa mace a teburin. Sakatare na bakin ƙofa da takarda, masu son ba da lokacinsu su rubuta suna kafin a tashi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.